Allon Bango da Sifili Bisa Sifili

A Bagalam, a lungun da ke bayan gidanmu, akwai wani bango da har yau ake iya gane wurin da muka shafe da siminti muka baƙanta. Ruwan damina ya wanke mafi yawansa, masu talla sun manna takardunsu a kai, amma kusurwoyin nan huɗu suna nan yadda magini ya fitar da su. Mu biyar muka haɗa kuɗin rabin buhun siminti, maginin unguwa ya shafe mana kyauta, mu kuma muka fasa tsofaffin baturan rediyo, muka kwaɓa baƙin garin da ƙaro, muka goga har sau uku. Shi ne allonmu, tabulo kamar yadda muke ce masa, tun shigarmu lise har daren da ya rage kwana biyu mu hau mota zuwa Yamai rubuta konkur, jarrabawar shiga makarantun injiniya.

Farkon shekarun 2000 ke nan. Babu jami'a a Maraɗi a lokacin, babu a Damagaram, babu a Tawa. Yaron da ya sa wa ransa zama injiniya hanyarsa ɗaya ce: ya ci bak, jarrabawar kammala lise, ko dai ɓangaren C ko D a irin su Lise Ɗan Baskore, ko ɓangaren fasaha a Lise Teknik Ɗan Kasawa, sannan ya ɗauki jakarsa ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa babban birni. Can ne EMIG take, makarantar ma'adinai da masana'antu da ƙasashen Afirka ta Yamma suka kafa tare a 1982, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1990. Can ne kuma EAMAC take, ta hasashen yanayi da sufurin jiragen sama. Wanda idonsa ya wuce nan sai ya hango makarantar injiniyoyin ruwa da gine-ginen karkara ta Wagadugu, ko Yamusukuro a Kodebuwa. Duk inda ka dosa guraben kaɗan ne, masu nema kuwa daga kowace jiha, kuma takardar lissafi ce ke tankaɗe mutane. Mun san haka tun muna aji na biyar a sakandare, shi ya sa muka gina allon.

Littafinmu CIAM ne, wanda malaman lissafi na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka haɗu suka rubuta. Kwafi ɗaya muke da shi mu biyar, kowa yana kwana da shi dare ɗaya a mako, ranar Juma'a da Lahadi kuma yana kan benci gaban allo. Tsofaffin tambayoyin konkur kuwa sai a hannun yayyenmu da suka riga mu zuwa Yamai, an yi musu fotokopi a kan fotokopi har ba ka bambance ƙaramin 2 da ƙaramin 3 a kafaɗar x. Akwai daren da muka kwana a kan tambaya ɗaya tun bayan isha'i har kiran assalatu, duk hanyar da muka bi sai ta kai mu ga abin da ba ya yiwuwa. Gab da asuba ɗayanmu ya ce, to in dai lissafinmu daidai ne, takardar ce ke da kuskure. Muka gwada sa alamar ragewa a wani wuri da inji ya bar fari, nan take komai ya zauna. Inji ne ya cinye alamar. A daren nan na fara yarda cewa hujjar da mutum ya bi mataki-mataki ta fi ƙarfin abin da aka buga a takarda, kuma ban taɓa mantawa ba.

Limit ne ya fi ba mu wuya, shi ne kuma ya fi ba mu daɗi da muka gane shi. Na tuna ranar farko da muka ci karo da wannan: a ɗauki tushen murabba'i na x + 1, a cire 1, a raba da x, a faɗi inda abin ya dosa in x ya matso kusa da sifili. Abokinmu ɗan Tibiri, wanda kullum yake tuƙo kekensa da yamma ya kwana a zaurenmu, ya sa sifili a wurin x ya ga sama sifili, ƙasa sifili. Ya ce sifili bisa komai ai sifili ne. Wani ya ce a'a, abu bisa kansa ɗaya ne. Na uku ya ce an hana rabawa da sifili tun a firamare, don haka tambayar ba ta da amsa. Kowa da hujjarsa, har shayin ya huce. Washegari muka kai wa malaminmu. Ya rubuta F.I., wato siga marar tabbas, a allo, ya juyo ya ce, "Wanga ba amsa ba ne. Ma'anarsa ba ku sani ba tukuna. Ku koma ku yi aiki." Muka ce, "Mushe, ta ina za mu fara?" Ya ce mu fara da lambobi, mu ga da idonmu.

Muka yi hakan da ƴar kalkuleta ɗaya da muke da ita. Da x ya zama 0,1 sai muka sami 0,488. Da ya zama 0,01 muka sami 0,4988. Da ya zama 0,001 sai 0,49988. Babu wanda ya ƙara maganar sifili ko ɗaya, rabi abin ya dosa, a fili. Saura dalili. Nan ne aljabara ta shigo: ka ninka sama da ƙasa da abokin tagwaicin na sama, wato tushen x + 1 a tara da 1, abin da ake kira konjige. Sama sai ya koma x + 1 a cire 1, wato x kawai. Wannan x ɗin ya tafi da x na ƙasa, ya bar 1 bisa tushen x + 1 a tara da 1. Yanzu ka sa sifilinka lafiya lau, ka sami 1 bisa 2. Layi uku ne a allo. Amma sai da muka yi ta maimaita tambayar me ya halatta mana soke x ɗin, tunda an hana rabawa da sifili, kafin ya zauna mana cewa x bai taɓa zama sifili ba, kusantarsa kawai yake yi, kuma duk sirrin limit a nan yake.

Wanda ya fi mu saurin kama wannan ɗan Jiratawa ne, yana zaune wurin baffansa a Sabon Gari. Mahaifinsa na da fili a cikin gandun noman rani na garinsu, inda ake jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki a sake shi cikin magudanan siminti, ana noman zogale da tattasai da albasa da sauran kayan lambu da ke cika kasuwar Maraɗi. Ya ce mana shi ai ya daɗe da sanin limit, sunan ne bai sani ba. In aka tada famfo da safe, ruwan rijiya yana sauka da sauri a sa'ar farko, a ta biyu saukar ta ragu, a ta uku ta ƙara raguwa, har ya zama kamar ya tsaya alhali yana kan sauka kaɗan-kaɗan. Mai kula da famfo bai damu da inda ruwan yake da ƙarfe tara ba. Abin da yake so ya sani shi ne zurfin da ruwan ya dosa, don in wannan zurfin ya wuce bakin famfo, injin zai ja iska ya ƙone. Daga ranar muka daina cewa "nawa ne limit ɗin", muka koma cewa "ina ya dosa". Na karantar da lissafi shekaru da yawa bayan haka, ban sami misalin da ya fi wannan shiga kan yaro ba.

Allon yana da doka ɗaya da ba mu taɓa rubutawa ba: wanda ke riƙe da alli dole ya yi magana. Ba a yarda ka rubuta layi ka wuce ba sai ka faɗi dalilin da ya sa ya biyo bayan na samansa, kuma huɗun da ke zaune a benci ba su da aiki sai neman inda za ka yi tuntuɓe. Da Faransanci muke rubutawa, don da shi za a tambaye mu, amma gardamar duk da Hausa ce. "Mi ya ba ka ikon soke wanga?" "In ya zo ta hagu fa, alamar ba ta juyawa?" Mun lura cewa mutum na iya haddace jimlar littafi ya zubo ta da Faransanci tsaf bai fahimci komai ba, amma da zarar an ce ya maida ta Hausa asirinsa ya tonu. Masu wucewa kan tsaya su yi kallo. Mai shayin bakin titi ya ja mana waya ya rataya ƙwan fitila ɗaya, in an ɗauke wuta kuma mu kunna fitilar ƙwai biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a hannun wanda ya fi kowa tsawo.

Aljabara kuwa a Tibiri na gane cewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Wani hutu na bi abokina gida, kakansa malami ne da ake kawo wa rabon gado daga ƙauyukan Gobir. Muna zaune aka zo da maganar wani mamaci da ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza biyu da mata uku, dukiya kuma an ƙiyasta ta jika 800. Tsohon ya share ƙasa da tafin hannu, ya fitar da tumunin matar, jika 100, ya ce saura 700. Ya ɗiga ɗigo biyu-biyu wa mazan, ɗaya-ɗaya wa matan, ya ƙirga bakwai, ya ce kowane ɗigo jika 100 ne. Abokina ya raɗa mini cewa 7x daidai da 700 ke nan. Tsohon ya ji, ya tambaye mu me muke cewa, muka yi masa bayani. Ya yi murmushi ya ce, "To ku ɗigon ne kuke ce wa ikis." Daga baya na karanta cewa littafin da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, littafin da daga sunansa kalmar aljabara ta fito, babban kaso nasa a kan wasiyya da gado yake. Kuma mu da sarautar garinmu ta samo asali daga Katsina muna da namu: Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rubuta littafi a kan hanyoyin tsara murabba'an lambobi irin na hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba wanda ya taɓa ambata mana sunansa a lise. Da an ambata, da wasu iyayen ba su ɗauki lissafin boko abin tsoro ba. Balle matan kasuwarmu da ke ciniki da dala, suna ninka kowane farashi da biyar a ka in za su karanta abin da ke rubuce a jikin takardar kuɗi, ba su taɓa kuskure ba.

A konkur ɗin da muka je, biyu cikinmu suka samu, ɗan Jiratawa da wani. Ni ban samu ba, kuma na san inda na faɗi. An ba mu tushen x² + 4x a cire x, in x ya tafi ba iyaka. Na dubi abin na ce babba ne a cire babba irinsa, saura sifili, na wuce da sauri don lokaci na ƙurewa. Amsar 2 ce. Da na tsaya na gwada 100 da na ga 1,98, da na gwada 1000 da na ga 1,998, kuma konjigen nan da na yi sau ɗari a bango shi ne maganinta. Duk tambayoyin da suka biyo baya a kan wannan amsar aka gina su, suka rushe tare. Na yi baƙin ciki sosai a lokacin. Na shiga jami'a na karanta lissafi, na dawo gida na kama alli, kuma kowace shekara wannan tambayar ce farkon abin da nake ba ƴan ajin ƙarshe.

Abubuwa sun canza, yawancinsu kuma alheri ne, ba zan ɓoye ba. Cibiyar koyon fasaha ta jami'a ta buɗe a Maraɗi a 2008, a 2010 aka kafa jami'ar kanta, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗan garin nan, masanin kimiyyar sinadarai da ya riƙe ma'aikatar ilimi a zamanin Diori Hamani. Yau yaron Tibiri na iya karanta aikin gine-gine ko na lantarki ya koma gida ya ci tuwon dare. A 2013 jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta ta buɗe, ɗalibai daga Kano da Katsina suka cika unguwanni, Turancin Ingilishi ya shigo cikin hirar fada. Ƴan mata, waɗanda a ajinmu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, yanzu suna zaune a layin gaba, kuma a shekarun baya-bayan nan sau da yawa takardar da ta fi kowacce tsabta a ajina ta mace ce. Tsofaffin tambayoyin da muke bi gida-gida muna roƙo yanzu suna yawo a zaurukan WhatsApp, da amsoshinsu, babu alamar da inji ya cinye. Fitilar da ke caji da rana ta kori fitilar ƙwai. Duk wanda ya sha wahalar da muka sha ba zai yi fatan a koma ba.

Sai dai akwai abin da na gani a gidan ƙanwata a unguwar Zariya da ya hana ni barci. Ƴarta na shirin bak da konkur, yarinya mai ƙoƙari, ba ta wasa. Na same ta a tsakar gida da waya da kaye, ta cika shafi huɗu da limit, duk amsoshin daidai. Na tambaye ta yadda take yi. Ta ce tana gwadawa, in ta maƙale sai ta ɗauki hoton tambayar da Photomath ko ta tura wa ChatGPT, ya jero mata matakan, ta kwafe, ta wuce ta gaba. Na ce nawa take jira kafin ta ɗauki hoton. Ta yi tunani ta ce kamar minti biyu. Na karɓi wayar na kife ta a kan tabarma, na rubuta mata sin x bisa x, x ya dosa sifili, na ce ta gwada da lambobi. Ta danna kalkuleta ta ce, "Kawu, 0,0174 ne." Na ce ta tabbata? Ta ƙara ƙanƙanta lambar, ta sake samun 0,0174, ta ce ta tabbata, ga shi na'ura ta nuna sau biyu. Na ce a littafi me aka ce? Ta ce 1. Na ce to wa ke ƙarya? Ta yi shiru. Ba ta taɓa zama cikin irin wannan shirun ba, na ga hannunta na neman wayar. Na ce, "Ɗiyata, bari. Zauna da shi." Sai da aka kira magariba, muka yi salla, muka dawo, sannan ta ɗago da sauri ta ce kalkuletar a kan digiri take, limit ɗin kuwa da radiyan ake nufi, kuma 0,0174 ɗin ai pi bisa 180 ne. Fuskarta a lokacin irin fuskar abokina ce a daren da muka gano alamar da ta ɓata.

Wayar ba ta yi mata ƙarya ba ko sau ɗaya a shafukan nan huɗu, kuma ban ce a ƙwace wa yara waya ba. Abin da ta ɗauke mata shi ne zaman nan na rashin sani, sa'a ɗaya ko biyu da mutum zai gwada hanya ta toshe, ya gwada wata ta toshe, har ya san dalilin da ya sa ta uku ta ɓulle. Mu talauci ne ya tilasta mana wannan zaman, ba hikimarmu ba ce. Su kuwa sai sun zaɓe shi da gangan, amsar na aljihunsu tana kiransu, kuma hakan ya fi abin da aka nema daga gare mu wuya. A ɗakin konkur ana karɓe waya a bakin ƙofa. Yaron da bai saba da minti ashirin na duhu ba, minti na uku zai firgita.

Wani sabon abu kuma shi ne dokar Lopital. Yaranmu na kallon bidiyon malaman Najeriya da na Indiya a YouTube, inda da zarar an ga sifili bisa sifili sai a ɗauki deribe na sama da na ƙasa a raba, an gama. Doka ce ta gaskiya, tun 1696 aka buga ta a Faransa, ko da yake Yohan Barnuli ne ya gano ta. Ga wanda zai rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a ta Najeriya, inda tun 2015 ake amsawa a kwamfuta kuma zaɓi huɗu ne a gabanka, ka danna ɗaya ka wuce, babu makamin da ya fi ta sauri. Amma jarrabawar wannan ɓangaren iyaka a rubuce take, mai gyara yana bin layi-layi yana ba da maki a kan hujja, kuma dokar ba ta cikin abin da ake karantarwa a lise. Ban da haka tana da sharuɗɗa da bidiyon minti uku ba ya faɗa. Ka ba yaro x a tara da sin x, a raba da x, x ya tafi ba iyaka. Mai Lopital zai sami 1 a tara da cos x, abin da ke ta kai-komo tsakanin sifili da biyu bai dosa ko'ina ba, sai ya rubuta cewa babu limit. Alhali in ka raba kowane da x ka ga 1 ne da ɗan abin da ke narkewa, amsar 1 ce. Ƴaƴan Maraɗi na zaune tsakanin tsarin karatu biyu, kuma wannan arziki ne in an nuna musu inda kowanne ya fi ƙarfi. In ba a nuna musu ba, sai su kwashi gajeriyar hanya daga can su zo su faɗi da ita a nan.

Abin da shekarun gyaran takardu suka koya mini shi ne yawancin waɗanda ke faɗuwa a limit tun a aljabarar koleji suka faɗi, ba a lura ba. Yaro ya kai ajin ƙarshe yana buɗe (a + b)² ya rubuta a² + b², ya manta da 2ab. Ya ga x² a cire 9 bai ga (x − 3)(x + 3) a ciki ba. Ya soke x a sama da ƙasa alhali tarawa ce a tsakaninsu. An ce famfo ɗaya na cika tafki a sa'a 3, wani a sa'a 6, in an haɗa su fa, sai ya ce sa'a 9, ko ya raba ya ce huɗu da rabi, bai tsaya ya ji cewa famfo biyu ba za su fi ɗaya jinkiri ba. Sulusi da sudusi rabi ne, sa'a 2 ke nan, kakan abokina da ya ba shi amsa kafin ya rufe baki. Wannan ramin a aji na uku da na huɗu na koleji ake haƙa shi, inda aji ɗaya ke ɗauke da yara fiye da yadda malami zai iya duba kayensu, inda kuma sau da yawa wanda aka ba lissafi ba shi ya karanta ba. Shi ya sa ajin C ke ƙanƙancewa, shi ya sa kuma a shekaru da dama waɗanda ke cin bak a ƙasar nan ba sa wuce ɗaya cikin uku. Waya ba ta cike wannan ramin, rufe shi take yi da tabarma. Ga yaron ƙauye kuwa da ba shi da kuɗin data, ko tabarmar ma babu.

Kuma ƙasar na jiran yaran nan fiye da yadda ta jira mu. An aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021. Matatar mai ta Damagaram na aiki tun 2011, bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2000, ya fara fitar da mai a 2024. Da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana a watan Agusta na 2023, kowane gida a Maraɗi ya gane abin da ake nufi da dogaro da layin da ba naka ba, aka koma tuna Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda tun shekarun 1960 yake cewa rana ce arzikinmu, ya kuma ba da rayuwarsa ga bincikenta. Abokina ɗan Jiratawa yanzu aikinsa ke nan, haɗa famfunan ruwa da faifan hasken rana. Ya gaya mini cewa manhajar kwamfuta ce ke fitar masa da girman famfo da yawan faifai, cikin daƙiƙa, amma kullum sai ya ɗauki biro ya yi ƙiyasi a bayan takarda kafin ya sa hannu, don in wani ya shigar da lita a wurin mita kubik, manhajar ba za ta yi gardama ba, manomi ne zai biya. Ya ce matasan da ake turo masa sun fi shi iya kwamfuta nesa ba kusa ba, amma kaɗan ne cikinsu ke duban lamba su ce wannan ba ta yi kama da gaskiya ba.

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Na ji masu cewa ai ba a iya lissafi mai zurfi da Hausa. Ni na yi shi da Hausa shekara uku a gaban bango, kuma da ita na fahimce shi. Abin da ba mu da shi kalmomi ne da aka zauna aka amince da su, aka rubuta. Turawa ma sun yi fiye da shekara 100 suna amfani da lissafin Niyuton da Laibiniz kafin Koshi ya zo a 1821 ya tsara ma'anar limit yadda za a iya kare ta. A ajina ina ce masa madosa, yara kuma sun karɓa, har na ji wasu na faɗa a waje. Ban ce a daina koyon kalmomin Faransanci ba, da su za a rubuta konkur a Yamai da Wagadugu, da na Ingilishi za a rubuta a Zariyar Najeriya. Amma ƙaramin littafi na aljabara da madosa da Hausa, wanda uwa za ta iya buɗewa ta ga abin da ɗanta ke fama da shi, ya kamata a ce malaman jami'armu da na lise sun fitar da shi tuni.

Ƴar ƙanwata ta tara ƙawayenta uku, mahaifinta ya ba su bangon cikin zaure, an shafe an baƙanta. Wayoyin a cikin kwano suke zama har sai an gama gardama, sannan a ɗauko ɗaya a duba ko an dace. Ina zuwa ranar Asabar in zauna a benci, ba na taɓa allin. Ku injiniyoyin Maraɗi da Tibiri da Jiratawa da ke Yamai da Arlit da ƙasashen waje, in kun zo hutun salla ku nemi irin wannan zauren a unguwarku ku ba shi dare biyu. Ku kuma masu gida da ke da bango mai kallon fitila, rabin buhun siminti da gwangwani ɗaya na baƙin fenti sun isa.